Bindigar Gwanjo da Harsashin Zamani: Nazari kan Cijewar Fistol M1911

Kafin sojojin Amurka su karɓi fistol ɗin da John Browning ya ƙirƙira, ranar 29 ga Maris 1911, sai da aka harba harsashi 6,000 da bindiga guda. In ta yi zafi a tsoma ta a ruwa, a ci gaba. Ba ta cije ko sau ɗaya ba, alhali ta kamfanin Savage da ke takara da ita ta tsaya sau 37. Shi ya sa abin ke ɗaure kai idan aka ji kukan masu tsofaffin M1911 na soja a Amurka, waɗanda suka ƙaru tun 2018 da hukumar CMP ta Anniston, a jihar Alabama, ta fara sayar wa farar hula da gwanjonsu. Kukan kusan iri ɗaya ne: harsashi ya tokare a hanya, murfin sama ya ƙi rufewa.

A ganina, a yawancin lokuta ba bindigar ce ta lalace ba, raba ta aka yi da abokan aikinta. An ƙera ta ne don harsashi iri ɗaya, gidan harsashi iri ɗaya, da sifirin mai ƙarfi sananne. Gwanjo kuwa ƙarfen kawai yake kawowa.

Shi ma ƙarfen ba na gida ɗaya ba ne. Rabon da sojan Amurka ya sayi sabuwar M1911A1 tun 1945, amma ya ci gaba da aiki da ita har 1985 da Beretta M9 ta gaje ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ban da kamfanonin Colt da Ithaca, an ba kamfanonin da ba su san bindiga ba kwangilar ƙera ta: Remington Rand mai na'urar buga rubutu, Union Switch & Signal mai siginar jirgin ƙasa, har da Singer na keken ɗinkin da muka sani, wanda ya yi guda 500 kacal. Cikin shekaru 40 da suka biyo baya, ma'aikatun gyara na soja sun yi ta wargaza su suna haɗawa, don haka ba baƙon abu ba ne a ga gangar jiki ta wannan kamfani, murfi na wancan.

Shigar harsashi aiki ne na ƙiftawar ido, amma gaɓoɓinsa da yawa. Murfin da ya zame baya saboda ƙarfin harbi yana dawowa da turin sifiri, ya bugi gindin harsashin da ke saman gidansa. Kan harsashin ya hau 'yar gangarar da ke jikin bindigar, ya tsallaka zuwa bakin bututu. A daidai wannan lokaci leɓɓan gidan harsashi ke sakinsa, gindinsa ya zame sama ya shige ƙarƙashin ƙugiyar da za ta zaro kwanson daga baya. Dabarar Browning ita ce kada harsashi ya taɓa zama sake: kafin leɓe ya saki, ƙugiya ta kama. Idan ɗaya ya riga ko ya makara, an cije.

An auna wannan gangara ne da harsashin soja na .45 ACP, mai nauyin kusan giram 15, mai kai zagaye wanda aka lulluɓe da ƙarfe. Dalilin yana cikin tarihi. Sanarwar Hague ta 1899 ta hana amfani da harsashin da ke bajewa a jikin mutum a yaƙi, irin wanda ya samo suna daga ma'aikatar Dum Dum kusa da Kalkata. Amurka ba ta sa hannu a kan wannan sanarwa ba, amma sojanta ya zauna a kan harsashi mai lulluɓi. Na kasuwar yau kuwa da yawa kansa rami ne ko faifai, kuma ya fi gajarta. Gefen ramin sai ya kafe a gangara maimakon ya zame. Tsohuwar fistol da ke cin na soja lafiya, ta ƙi mai rami, ba ta da ciwo; abin da ba a yi ta dominsa ba aka ba ta.

Gidan harsashi ne ya fi kowa laifi, kuma shi aka fi rainawa. Na soja yana ɗaukar 7, leɓɓansa suna buɗewa sannu a hankali zuwa gaba don harsashi ya tashi a tsanake. Faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta lanƙwasa leɓe ba tare da ido ya gani ba. Darasin ya maimaitu a Iraƙi bayan 2003, inda sojoji suka yi ta kuka da M9. Da aka bi diddigi, sai aka gano babban ɓangaren matsalar yana cikin gidajen harsashi na kwangila, waɗanda aka yi wa shafe mai kaushi bisa umarnin gwamnati don gudun tsatsa. Kaushin ya riƙe lallausan yashi, harsashi ya daina tasowa. Aka sauya shafen, kuka ya ragu, amma sunan bindigar ya riga ya ɓaci.

Masu gyara na ƙwarai suna karanta yadda harsashin ya tsaya kafin su taɓa komai. Idan kansa ya nutsa ƙasa ya daki gangara, ko kuma cijewar ba ta zuwa sai a na ƙarshe, zargi na kan sifirin gidan harsashi da ya gaji. Idan ya shiga rabi ya tsaya a karkace, sau da yawa ƙugiya ce ta yi tsauri har gindinsa ya kasa shigewa. Kwanson da ya maƙale a tsaye a tagar fita kuwa ba matsalar shiga ba ce, ta fita ce, kuma sakin wuyan hannu wajen harbi na iya jawo ta, domin murfi yana bukatar jiki ya tsaya cak kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa. Akwai kuma busasshen giris na ajiyar shekaru, wanda wanki kaɗai ke magancewa. Ƙa'idar dai a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a fara da mai arha wanda ake iya mayarwa.

Inda aka fi yin gyaran gangar Auzinawa shi ne a kan gangarar nan. Mai bindiga ya ji an ce a goge ta, sai ya ɗauki magagari. Tsakanin ƙarshen gangara da bakin bututu akwai ɗan mataki, kimanin 1/32 na inci. A idon wanda bai sani ba kamar kuskuren maƙera ne, sai ya share shi don hanya ta yi sumul. Matakin nan kuwa da gangan aka bar shi, don kan harsashi ya tsallake leɓen bututu maimakon ya yi karo da shi. Da zarar an cinye ƙarfen, bindigar da ke ƙin mai rami kawai za ta fara ƙin na soja ma. Idan kuma bakin bututu aka zurfafa, gindin kwanso ya rasa madogara, yana iya fashewa a hannun mai harbi. Gidan harsashi da sifiri ana sayen sababbi, amma gangar jikin da ke ɗauke da lambar 1943 sai dai walda, kuma daga ranar masu tara kayan tarihi sun daina taya ta.