Yadda Hanyar Ilimi Ta Buɗe Tsakanin Ƙasar Hausa da Sin

Almajirin tsangaya a Bulkachuwa ko Azare, a ƙasar Katagum, ya daɗe da sanin sunan Sin, saboda maganar nan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) kan neman ilimi ko da a Sin ne, duk da malaman hadisi sun raunana ta. Sai dai sanin bai wuce na suna ba.

Sinawa ne suka fara takowa. A 1963 Rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa, muryarsa ta riƙa shiga zaurukan ƙasar Katagum ta gajeren zango. Shekara guda bayan haka, makarantar da a yau ake kira Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing ta fara koyar da Hausa, ɗalibanta har sunayen Hausa suke raɗa wa kansu. Duk wannan ya riga hulɗar jakadanci, wadda Nijeriya ta ƙulla ranar 10 ga Fabrairu, 1971, Nijar kuma a 1974.

Ta ɓangarenmu, fatauci ne ya ja gaba. 'Yan Kantin Kwari masu sarin yadi a Guangzhou sun riga malaman jami'a jin buƙatar Sinanci. Da aka zo buɗe cibiyoyin Confucius na koyar da Sinanci a Nijeriya, sai ta farko ta sauka a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka a 2008, ta biyu a Jami'ar Legas a 2009, duka a kudu.

Nazarin falsafa ne ya zo a baya, alhali nan ribar take. Confucius, malamin falsafar Sin wanda aka haifa shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gina koyarwarsa a kan biyayya ga iyaye, girmama malami da gyaran hali kafin riƙon mulki. Daga baya littattafan mazhabarsa suka zama tushen jarrabawar ɗaukar ma'aikatan sarki, wadda ta yi kusan shekara 1,300 kafin a soke ta a 1905. A ƙarni na 17 da na 18, malaman Musulmin Sin irin su Wang Daiyu da Liu Zhi sun bayyana tauhidi da Sinanci, suna aron kalmomin wannan mazhaba, kamar yadda malamanmu suka yi wa'azi da ajami.

Wannan fage yana buƙatar mai Larabci da tauhidi tun daga zaure. Ɗan Katagum da ya ƙara Sinanci a kan karatunsa na buzu zai shige shi da guzurin da yawancin masu nazarin Sin ba su da shi.