Wutar Gadarif Daga Kogin Atbara

A shekarar 2000 Jamus ta kafa dokar da ta wajabta wa kamfanonin rarraba lantarki sayen wutar da aka samar daga iska da hasken rana. A Sudan kuwa, gwamnati ce da kanta ta karkata ga koguna, ta yi ta gina madatsun ruwa.

A gabashin ƙasar, an kammala madatsar Khashm el-Girba a kan kogin Atbara a 1964. Sai dai kowace damina kogin yakan kwaso laka daga tsaunukan Habasha, har ta cinye babban kaso na cikin tafkin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka gina tagwayen madatsu a samanta: Rumela a kan Atbara, Burdana a kan Setit. An ƙaddamar da tashar a 2017, da injuna huɗu masu ƙarfin megawat 320 jimilla.

Wuta ta ƙaru ba tare da ƙona man fetur ba, amma an biya farashi. Ruwa ya shanye garuruwa da gonakin bakin kogi, aka tayar da dubban iyalai, ciki har da Hausawan da kakanninsu suka yada zango a nan bisa hanyar Makka.

A farkon 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari tashar lantarki ta Shawak, Gadarif ta kwana cikin duhu. Kogi yana sabunta ruwansa kowace shekara, amma wayar da ke ɗauko wutar sai da zaman lafiya take aiki.