Ƙaurar Da Ta Durƙusar Da Bankin TSB

A 2013 ne aka raba bankin TSB da bankin Lloyds na Birtaniya, ya samu sunansa da rassansa. Sai dai bayanan masu ajiyarsa sun ci gaba da zama a tsofaffin kwamfutocin Lloyds, yana biyan haya fiye da fam miliyan 100 duk shekara. Da bankin Sabadell na Sifen ya saye shi a 2015 kan fam biliyan 1.7, abin da ya sa a gaba shi ne tashi daga wannan gidan haya. Sashen fasahar Sabadell, Sabis, ya gina sabon tsari mai suna Proteo4UK.

Masu sana'ar kwashe bayanai sun daɗe da sanin halin tsohon rumbu. Ya saba da muhallin da ya tsufa a ciki: yadda ake rubuta kwanan wata, yadda ake jera haruffa, wa ke da izinin buɗe wane fayil. Wasu ƙa'idojin ma babu inda aka rubuta su, waɗanda suka kafa su sun yi ritaya tuntuni. Shi ya sa masu taka-tsantsan ke kwasa kaɗan-kaɗan, su bar tsohon a kunne har sabon ya nuna ƙwarinsa. TSB kuwa ya zaɓi kwashe kusan komai a ƙarshen mako guda.

Da yammacin Juma'a 20 ga Afrilu 2018 aka rufe hulɗar banki ta intanet. Aka kwashi bayanan mutum miliyan 5.2, aka buɗe sabon tsarin da yammacin Lahadi. Kafin gari ya waye al'amura sun dagule. Wani ya shiga manhajar wayarsa ya tarar da asusun baƙon da bai taɓa ji ba, har da kuɗin da ke ciki. Wani an hana shi shiga kwata-kwata. Kimanin mutum miliyan 1.9 ne suka kasa taɓa kuɗinsu ta intanet, layukan waya suka cushe, kwamfutocin rassa suka riƙa sanƙarewa. 'Yan damfara suka samu ƙofa, suna kiran mutane da sunan ma'aikatan banki. Dole aka kira injiniyoyin kamfanin IBM.

Abin takaicin shi ne bayanan sun isa lafiya lau. Mazauninsu ne bai kammalu ba. Rahoton lauyoyin Slaughter and May na Nuwamba 2019 ya nuna cewa cibiyoyin bayanai biyu da aka gina, waɗanda ya kamata su zama iri ɗaya sak, saitinsu ya sha bamban. Gwajin ɗaukar nauyin jama'a kuma a ɗaya kaɗai aka yi shi. Wannan ganganci ne, domin albashin mutane da kuɗin hayarsu aka ɗora a kan abin da ba a gwada ba.

Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumba 2018, kuma sai a Disamba harkoki suka koma daidai. Asarar ta kai kusan fam miliyan 330. A Disamba 2022 hukumomin sa ido kan bankunan Birtaniya suka ci tarar TSB fam miliyan 48.65. A Afrilu 2023 kuma aka ci tarar tsohon shugaban sashen fasaharsa, Carlos Abarca, fam 81,620 shi kaɗai, saboda bai tabbatar da cewa Sabis ya shirya ba kafin a tashi.