Sababbin Magungunan Ƙarin Sankara: Nazari a kan Trastuzumab

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake samar da sababbin magungunan sankara mai fitowa a matsayin ƙari, ta yi amfani da trastuzumab wajen kafa hujja. Ta nuna cewa amfanin irin wannan magani ya rataya ne a kan ɗakin gwaji da kuma farashi.

Gabatarwa

Alƙaluman cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu cutar kusan miliyan 20, mutum miliyan 9.7 kuma suka rasu. Sankarar huhu da ta mama da ta babban hanji su ne a sahun gaba, kuma dukkansu ƙari ne. Maganin ƙari yana da wuya: ƙwayoyin da ke cikin ƙari guda ba iri ɗaya ba ne, jijiyoyin jininsa a hargitse suke har magani ya kasa ratsa shi, sannan yakan dakushe garkuwar jikin da ke kewaye da shi. Shi ya sa dabarar CAR-T mai amfani da ƙwayoyin garkuwar jiki, wadda aka amince da ita a 2017 don sankarar jini, ba ta yi irin wannan tasiri a kan ƙari ba.

Trastuzumab

A 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa wasu matan masu sankarar mama suna da yawan ƙwayar gado ta HER2 fiye da kima, kuma cutarsu ta fi saurin dawowa. A yau ana ƙiyasta cewa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu cutar haka suke. Daga nan aka haɗa trastuzumab, wanda ke manne wa furotin ɗin HER2 ya hana ƙwayar hayayyafa, aka amince da shi a 1998. Daga baya aka ɗaura masa guba mai kashe ƙwayar sankara domin ya kai ta inda ake buƙata, aka samu trastuzumab deruxtecan a 2019.

Sai dai maganin ba na kowace majiyyaciya ba ne. Dole a ɗebi tsokar ƙarin, a adana ta yadda ya kamata, masanin gwajin tsoka ya tabbatar da HER2. In babu wannan gwaji, likita lalube yake yi a duhu: ko ya hana mai buƙata, ko ya sa iyali su sayar da kadara a kan abin da ba zai amfana ba. Maganin kuma yana iya raunana zuciya, don haka sai ana duba ta a kai a kai.

Batun kuɗi ma babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa trastuzumab cikin jerin muhimman magunguna a 2015, ta kuma tantance makwafinsa na farko mai rahusa a 2019, shekara 21 bayan fitowarsa. Wannan jinkiri, a ganinmu, ya yi yawa, musamman ga ƙasashe irin Nijeriya, inda sankarar mama ta fi kowace yawa kuma mata da dama ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatoci da asibitocin koyarwa da su sa gwajin HER2 da horar da masana gwajin tsoka cikin kasafi ɗaya da sayen maganin.