Wakilin Na'ura da Dillalin Kara: Gwajin Buɗaɗɗun Ƙa'idojin Ciniki a Dakoro

Gabatarwa

A Satumban 2025 Google ya fito da AP2, kamfanonin OpenAI da Stripe kuma suka fito da ACP. Ƙa'idoji ne da aka bar tushensu a buɗe ga kowa, domin manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi sayayya a madadin mutum. Masu cewa kwanan dillali ya ƙare sukan kafa hujja da binciken Jenny Aker na 2010, wanda ya nuna zuwan salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Sai dai hatsi ta nazarta. Tiyar gero a Kornaka tiyar gero ce a Maradi, amma ba a auna sa da tiya.

Hanyar bincike

An bi takardun ƙa'idojin biyu, aka auna su da matakan cinikin dabba a karar Dakoro.

Sakamako

ACP ta ɗauka mai kaya yana da jerin hajoji, kowace da farashinta a yanke. A kara tayi ake yi, mai dabba ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama. Wannan giɓi mai sauƙi ne, manhaja za ta iya koyon tayi. Hanyar biya ma na buɗewa: babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na PI-SPI a Satumban 2025, kuma kamfanonin Nita da Amana sun daɗe suna kai kuɗi garuruwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne lamuni. AP2 ta ginu kan izini mai sa hannun lantarki, wanda ke tabbatar da cewa mai saye ya wakilta manhajar kuma ya yarda da kuɗin. Mai saye ke nan aka tantance. A Dakoro, inda garken makiyayan arewacin kwarin Tarka ke gangarowa, fargabar tana ɗaya ɓangaren: saniyar nan ta wa ce? Dillali ya san makiyayin, ya san shaidar da ke jikin dabbobin gidansu, sau da yawa ma a wurinsa baƙon ke sauka. In ta bayyana dabbar ta sata ce, wuyansa za a riƙe. La'adarsa kuɗin wannan kasada ce. Abner Cohen ya rubuta irin haka tun 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, inda maigida ke tsaya wa baƙon da aka sayi shanunsa bashi. Abin mamaki, masu rubutu kan kasuwancin intanet ba su cika waiwayarsa ba. A ƙa'idojin biyu babu gurbin mutum na uku da zai ranta sunansa ga ciniki, amma tunda a buɗe suke, babu abin da ya hana a ƙara shi.

Iyakokin bincike

Za a ce nazarin takardu ne, ba a zauna da dillalai ba, kuma ƙa'idojin na sauyawa. Haka ne. Za a kuma ce wasu dillalan na ɓoye wa makiyayi ainihin farashi. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan salula ta riga ta fara aiki, ba ta jira manhaja ba.