Malaman Jami'a Masu Binciken Kurakuran Kwamfuta

Ya kai mai karatu, duk lokacin da ka aika kuɗi ta wayar salula, ko aka buga maka takarda a ofis, akwai manhaja da ta yi aikin. Manhaja jerin umarni ce da mutum ya rubuta wa kwamfuta. Kwamfuta ba ta da wayon kanta. Abin da aka umarce ta shi take yi, ko daidai ne ko kuskure. Don haka wasu malaman jami'a suka duƙufa kan tambayoyi biyu: yaya za a san manhaja tana da kuskure, kuma yaya za a gano inda kuskuren ya ɓuya?

Me ya sa aikin yake da muhimmanci?

Ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasashen Turai suka harba sabon kumbonsu, Ariane 5, daga Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka. Bai cika minti ɗaya a sama ba ya kauce hanya ya tarwatse, tare da taurarin ɗan adam huɗu da ya ɗauka. An ɗauko wani sashen manhajarsa ne daga tsohon kumbo, Ariane 4, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata.

Kafin nan, tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar jinyar ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a Amurka da Kanada. Hakan ya faru sau shida a ƙalla, kuma wasu daga cikinsu sun rasu. Ka ga ke nan ƙaramin kuskure yana iya cin dukiya, yana iya cin rai.

Gwaji daban, gano musabbabi daban

Gwaji shi ne a ba manhaja aiki iri-iri a ga ko za ta kasa. Edsger Dijkstra, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya yi gargaɗi cewa gwaji yana nuna akwai kuskure, amma ba ya tabbatar da cewa babu. Shi ya sa ake neman hanyoyin yin gwaji mai yawa. A 1988, Barton Miller na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya sa ɗalibansa su riƙa ɗura wa manhajoji haruffa barkatai marasa ma'ana. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na manhajojin suka kasa. Har yau manyan kamfanoni suna amfani da wannan dabara.

Amma sanin mutum ba shi da lafiya daban, sanin cutar da ke damunsa daban. Idan manhaja ta kasa, sai an binciko layin da ya jawo hakan, wani lokaci cikin layi dubbai.

Dabarar rabawa biyu

Ka ɗauka littafin lissafin bankin cimaka na garinku yana da shafi 64, kuma jimillarsa ba ta dace da rasit ɗin da ke hannu ba. Ba sai ka bi kowane layi ba. Ka raba littafin biyu, ka haɗa jimillar shafi 32 na farko, ka gwada da rasit ɗinsu. Idan sun dace, kuskuren yana cikin sauran. Ka sake raba wannan rabin: 16, 8, 4, 2, 1. Da rabawa shida ka kai ga shafin.

Andreas Zeller, masani ɗan ƙasar Jamus, ya koya wa kwamfuta yin irin wannan tankaɗe da kanta. Ya bayyana dabarar a 1999, ya kira ta Delta Debugging, wato gano kuskure ta hanyar tace bambanci. Tambayarsa mai sauƙi ce: manhajar da ta yi aiki jiya, me aka sauya mata da ta ƙi yi yau? A wani gwaji, layi kusan 178,000 aka sauya, dabarar ta tace su har ta kai ga layi ɗaya. Tana kuma iya kama sauye-sauye biyu waɗanda ba sa ɓarna sai sun haɗu. A 2002, shi da Ralf Hildebrandt suka ɗauki wani shafin intanet mai layi 896 da ke tsayar da manhajar Mozilla, suka rage shi zuwa layi guda.

Yaya ake hawa wannan matsayi?

Hanyar Zeller za ta nuna maka matakan. An haife shi a 1965. Ya yi karatun kwamfuta a Darmstadt, ya sami digirin doktora a Braunschweig a 1997, ya yi aikin bincike a Passau, ya zama farfesa a Jami'ar Saarland a 2001. A 2005 ya fitar da littafinsa Why Programs Fail, kan dalilan da ke sa manhaja ta kasa. A 2019 ya koma CISPA, cibiyar binciken tsaron kwamfuta a Saarbrücken.

Aikin irin wannan malami kashi uku ne: koyarwa, bincike, da kula da ɗaliban doktora. Idan ya gano sabon abu, sai ya rubuta shi ya aika wa taron masana ko mujalla. Wasu masana ne za su duba, kuma sau da yawa sukan mayar da rubutun. Ba a karɓar magana sai da hujja, kuma ana so wani ya iya maimaita gwajin ya sami sakamako iri ɗaya.

Idan ɗanka ko ƴarka na son wannan hanya

A Nijar, bayan jarrabawar bak, ana yin lisans shekara 3, masta shekara 2, sannan doktora shekara 3 ko fiye. Akwai Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, akwai kuma jami'o'in gwamnati a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ga abin da ya kamata yaro ya riƙe tun da wuri:

1. Lissafi, domin shi ne tushen ilimin kwamfuta.
2. Ingilishi tare da Faransanci, domin yawancin rubutun wannan fanni da Ingilishi ake yin sa.
3. Rubuta abin da ya gwada da abin da ya gani, kada ya dogara da zato.
4. Haƙuri, domin kuskure ɗaya yana iya cin kwanaki kafin a gano shi.

Kai ma, idan waya ko na'ura ta ba ka matsala, ka lura da abin da ka taɓa, da abin da ta nuna, da lokacin da abin ya faru. Ka faɗa wa mai gyara daki-daki. Da irin wannan bayani masu bincike suke fara aikinsu.