Kiwon karnuka a karkarar Kano: Abin da mai neman kwikwiyo ya kamata ya sani

A ƙauyukan arewacin jihar Kano, kamar na yankunan Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci, kare dabba ce ta aiki. Ana ajiye shi ne don gadin gida da garke, ko kuma don farauta idan an kawar da amfanin gona.

Yankin na daga cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, gida na kallon gida, kuma kusan babu sauran daji. Saboda haka duk karen da aka kawo gida, to a tsakiyar yara da awaki da kaji zai rayu, kuma idan ya fito da mugun hali ko ya ɗauko cuta, ba mai shi kaɗai abin zai shafa ba.

A 'yan shekarun nan kuma, karnukan ƙasashen waje da ake kiwo a manyan birane sun fara isa hannun masu gidajen gona da masu kiwon kaji, inda ake tallata su da sunan masu asali.

Mene ne kare mai asali?

Ana kiran kare mai asali ne idan an san iyayensa da kakanninsa, kuma dukkansu jinsi guda ne, ta yadda za a iya hasashen girmansa da kamanninsa da halinsa tun yana jariri.

Rubuta wannan salsala a takarda ba tsohon abu ba ne. An yi bajekolin karnuka na farko irin na zamani a birnin Newcastle na Ingila a 1859, aka kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873, sannan takwararta ta Amurka a 1884. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta FCI, wadda aka kafa a 1911, ta amince da jinsuna fiye da 350.

Karen Jamus da aka fi sani da Alseshan a Najeriya, wanda 'yan sanda ke aiki da shi, an fara yi masa rajista ne a 1899, bisa jagorancin wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz.

Sai dai kuma manufar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mafarauci ba ya bai wa kowane kare damar hawa karyarsa. Yakan nemi namijin da aka shaida gudunsa da jin ƙanshinsa da kuma biyayyarsa, yana mai dogaro da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bambancin kawai shi ne, tasa salsalar a ka take, ba a littafi ba.

Yankin Sahel ma na da nasa jinsin da duniya ta sani, wato Azawak, dogon kare siriri mai tsananin gudu da Abzinawa ke kiwo a kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, yankin da shanun Azawak ma suka samo sunansu. An fara kai shi Turai a shekarun 1970, kuma ƙungiyar Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba.

Shi kuwa karen gida da wasu ke rainawa, wani bincike da Adam Boyko na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, kan karnukan ƙauye a Masar da Uganda da Namibiya, ya nuna cewa akasarinsu ba ragowar karnukan Turawa ba ne. Tsatso ne mai zaman kansa, wanda ya daɗe a nahiyar.

Illar auren dangi

Matsalar kiwon jinsi zalla ita ce, idan aka matsa a kan kamanni, sai a riƙa haɗa dangi na kusa. Hakan na fito da cututtukan gado da ke ɓoye a jikin iyaye.

Alseshan da Rotwaila da Boerboel na Afirka ta Kudu duk an san su da lalurar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a mazauninsa. Ba a ganin lalurar a jikin kwikwiyo. Sai ya yi watanni, wani lokaci shekaru, sannan ya fara ɗingishi yana kasa tashi. Hanyar kauce mata ita ce a ɗauki hoton ƙashin iyayen kafin a haɗa su.

A 2008 wani shirin talabijin na BBC ya bankaɗo irin wahalar da wasu karnukan bajekoli ke sha a Birtaniya, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce. A shekarar da ta biyo baya, Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa. Daga 2012 kuma ta taƙaita haihuwar da za ta yi wa rajista zuwa huɗu a rayuwar kowace karya.

Haɗarin ya fi girma a inda jinsin ba shi da yawa. Idan mai kiwo ya fara da namiji ɗaya da mace ɗaya, sannan ya ci gaba da haɗa 'ya'yansu, to takardar da zai miƙa wa mai saye ba ta da wani amfani, ko da kuwa ta gaskiya ce.

Akwai kuma batun yanayi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. A watan Afrilu zafi a Kano kan haura digiri 40, kuma karen da aka samar don dusar ƙanƙarar tsaunukan Kokesas, mai gashi kamar bargo, azaba kawai yake sha a irin wannan lokaci. Haka ma masu gajeren hanci, waɗanda numfashi ke yi musu wuya. A wannan fage, karen gida ya yi musu fintinkau.

Mai kiwo na ƙwarai

Karya kan nemi barbara kamar sau biyu a shekara, ko da yake wasu jinsunan Afirka sau ɗaya suke yi. Cikinta kan ɗauki kimanin kwana 63. 'Ya'yan kan buɗe ido bayan kwana 10 zuwa 14.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar kada a haɗa karya a neman barbararta na farko, domin ita kanta ba ta gama girma ba, kuma a riƙa ba ta hutu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Ana kuma duba al'aurar namiji da macen kafin a haɗa su. Akwai wani ƙari mai zubar da jini da ke yaɗuwa ta hanyar barbara, wanda ya zama ruwan dare tsakanin karnukan da ke yawo sakaka a ƙasashe masu zafi. Yana jin magani idan aka kai asibiti.

Hali ma ana gadonsa. Karen da ke cizon mutanen gida, ko mai kashe kaji da 'yan awaki, bai cancanci a nemi irinsa ba, komai kyan ƙirarsa.

Kafin a karɓi kwikwiyo

Babbar ƙa'ida ita ce kada a yi cinikin biri a sama. Mai nema ya je da kansa ya ga uwar tare da 'ya'yanta a inda aka haife su, ya ga uban idan da hali. Ingila ta mai da wannan doka a 2020, inda ta hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Dole sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya kiwata shi, ko a karɓo daga gidan kula da dabbobin da ba su da masu su.

Bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa ba sai ya kai mako takwas. A ƙauye akan yi gaggawar ɗauka tun yana mako uku ko huɗu, don gudun kada wani ya riga. Amma a waɗannan makonni ne yake koyon sassauta cizo daga uwarsa da 'yan'uwansa, kuma wanda aka yaye da wuri yakan tashi da tsoro ko faɗa.

Lafiyayyen kwikwiyo idonsa garau yake, ba kwantsa, dasashinsa da ɗan ja, gashinsa na sheƙi. Ƙaton ciki da siraran ƙafafu alamar tsutsa ce. Farin dasashi kuwa na nuna ƙarancin jini, sau da yawa saboda kaska ko tsutsa. Wanda ya raɓe a lungu yana rawar jiki, ba kunya ce ke damunsa ba.

Ana fara ba da maganin tsutsa tun yana mako biyu. Allurar farko ta cututtukan ƙuruciya kuma ana yin ta tsakanin mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan makonni uku ko huɗu. Ɗaya daga cikin masu saurin kisa a cikinsu ita ce fabo, mai sa amai da zawon jini, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, kuma ƙwayarta na iya yin watanni a cikin ƙasa tana jiran wani kwikwiyon.

Batun ci ma abin lissafi ne. Babban karen waje ba ya rayuwa da kanzo da ragowar tuwo, kuma zai yi shekara goma ko fiye yana ci. Albasa mai yawa na lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma na iya huda hanjinsa. Haka nan, hanta ko huhun da aka ga ƙulli mai ruwa a jikinsa lokacin fiɗa, kamar a ranar layya, binne shi ake yi. Idan aka jefa wa kare, tsutsar za ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya biyo kashinsa ya koma ga tumaki da mutane.

Yanke kunne da wasu ke yi da reza wai don kare ya yi zafi, ba ya ƙara masa komai sai ciwo.

Ciwon haukan kare

Nan ne batun ya tashi daga na dabba ya koma na ran ɗan Adam.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutane dubu 59 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga cizo ko yaƙushin kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar na bin jijiya ne a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Hakan kan ɗauki wata biyu zuwa uku, ko da yake yana iya zama mako ɗaya ko shekara guda. Shi ya sa ciwon kan warke, kowa ya manta, sai daga baya yaro ya fara zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa, har a zaci iska ce. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Kwikwiyo ma na ɗauke da cutar, kuma shi ne yara suka fi wasa da shi. Ba kowane mai cutar ne ke haushi da dalala ba. Wani shiru kawai yake yi, muƙamuƙinsa ya saki.

Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi idan ya kai wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, na cikin masu sarrafa allurar. Wajibi ne a ajiye ta cikin sanyi, don haka wadda ta wuni a rana a kan tebur a kasuwa ba abin dogaro ba ce. Jami'in dabbobi ne ya kamata ya yi ta, ya kuma ba da katin shaida mai kwanan wata. Mai karɓar kare babba ya nemi wannan kati kafin ya tambayi sunan jinsi.

Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allura, cutar kan daina yaɗuwa. A kan haka WHO da ƙawayenta suka sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya.

Wanda kare ya ciza, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a fara allura a ranar. Tun 1885 Louis Pasteur ya nuna a Faransa cewa allurar bayan cizo na ceton rai. Idan karen na gida ne, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, amma kada a jira cikarsu kafin a je asibiti.

Matsayin malamai

Malamai sun yi ittifaƙi kan halaccin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi, hadisai kuma sun ambaci tsaron shuka, yayin da suka yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi ba da wata buƙata ba. Da yawa sun ƙiyasta gadin gida a kan waɗannan. Aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren mafarauci ya kama, idan an ambaci sunan Allah.

A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a yankin, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha a ciki bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hambaliyya na ganin najasa ne.

Inda aka fi saɓani shi ne kuɗin kare. Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo hanin sayar da shi, ta kuma nuna an yi saɓani kan wanda aka yi izinin ajiyewa. Sahnun, babban malamin Ƙairawan, na cikin waɗanda suka halatta sayar da irin wannan, haka ma Hanafiyya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a ƙauyuka da dama har yanzu kyautar kwikwiyo ake yi, wanda ya karɓa kuma ya ba da tukwici.